Yaran da Ban Kira Ba Ranar Jana'izar Malam Boukari

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Alhamis, 6 ga watan Afrilu, 2006, da hantsi, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanmu Malam Boukari Issoufou a gidansa da ke gabashin garin Greensboro, nan ƙasar Turawa da muke ci-rani. Ya yi wanka, ya sa tufafin aiki, ya zauna bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi, sai zuciyarsa ta tsaya. Matarsa, Hajiya Kubura, ita ta tarar da shi. Shekarunsa arba'in da tara. Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, muka kai shi makwancinsa.

Ni ba marubuci ba ne. Karatuna a aji uku na kwaleji ya tsaya, can Maradi, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Da hannuna na gina abin da na gina a ƙasar nan: shagon taya biyu, ma'aikata goma sha ɗaya, da gida a Pleasant Garden. Ban saba sunkuyar da kai ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai mako uku ke nan, na kasa faɗinta a zaman makoki. Don haka na ɗauki biro.

Boukari, jirgi ɗaya ya kawo mu a 1993. Mu biyar muka cusu a ɗaki biyu a bayan titin Wendover, tukunya ɗaya, mota ɗaya wadda sai an tura. Ni na kama wankin mota, daga nan na koma facin taya. Kai ka shiga kamfanin yankan kaji, tafiyar awa guda daga gari. Shekara biyar ka yi a tsaye cikin sanyin nan, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da muke haɗawa duka mu ce musu 'yan Meziko. Kai kaɗai kake gyara mana: wannan daga Guatemala yake, waccan daga Honduras. Kana dawowa gida da ƙarnin kaji a jikinka da ɗan littafi a aljihu, cike da kalmomin Sifaniyanci. Muna yi maka dariya. Na ce, "Turancin ma bai zauna ba, ka ɗauko wani." Ka ce, "Tahirou, mutum yana tsaye kusa da ni awa goma a rana. In ban iya tambayarsa lafiyar iyalinsa ba, ai ni ne bebe."

Da karatun ƙarshen mako ka haɗa digirinka, guntu-guntu, har jami'a ta ɗauke ka aiki a ofishin kula da ɗalibai. Suka ba ka yaran nan 'yan Latino, 'ya'yan masu jin Sifaniyancin nan, waɗanda yawancinsu su ne na farko a zuriyarsu da suka taka harabar jami'a. Aikin a takarda shi ne ka zauna a ofis, yaro ya zo, ka taya shi zaɓen darussa, ka nuna masa yadda ake cike fom. Kai ba haka ka yi shi ba. Duk wanda ya neme ka a ofis ranar Alhamis ba zai same ka ba. Ranar nan ta iyaye ce. Kana bin su wurin aikinsu, wurin gini, bayan gidan abinci, gonar taba. Sannan Asabar ta biyu a kowane wata kana tara su a jami'a, kowa da kayan aikinsa a jiki, mata da tukwanen abinci. Kana kama hannun uba, ka shigar da shi ɗakin karatu, ka zaunar da shi kan kujerar da 'yarsa take zama. Ka ce mini wata rana, "Ba jarrabawa ce ke korar yaran nan ba. Gida ne ke kiran su, don gidan bai san inda suke zuwa ba."

Akwai wata yarinya, Yesenia. Mahaifinta, Don Rigoberto, rufin gida yake yi. Bayan shekararta ta farko ya ce karatu ya isa, ta dawo ta taya uwarta sharar gidajen mutane. Ka je wurin aikinsa cikin zafin watan Yuni. Ya leƙo daga saman rufi, ya gan ka, ya ci gaba da buga ƙusa. Boukari, ni na san ka. Ko ƙwan lantarki ya mutu a ɗakinmu, ni kake kira, don ba ka hawa kujera. Amma ka hau tsanin nan da takalmin ofis, bene biyu. Awa biyu ka yi kana miƙa masa ƙusa, ba ka ambaci makaranta ba. Alhamis ta zagayo ka koma. A karo na uku shi ya sauko da kansa, ya ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, kafin ka faɗo ka ja mini magana." Watan gobe Yesenia za ta karɓi digirinta na aikin jinya. Daga bakin uban na ji wannan labari, bayan rasuwarka. Da kana raye ban tambaya ba.

Ban tambaya ba domin ina jin haushinka. Shekara uku da suka wuce, a wurin suna a gidan wani ɗan'uwanmu Djibrilla, gaban mutane, na ce maka, "Namu 'ya'yan suna nan suna gantali, kai ka tafi rainon 'ya'yan wasu." Ka yi dariya, ka ce, "Alhaji mai taya, ƙofar ofishina ba ta tambayar fasfo." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara, "Ai ka zama ɗan Meziko, hular kawai ta rage." Jama'a suka fashe da dariya. Ka sunkuya ka ci gaba da cin shinkafarka. Daga ranar muna gaisawa a masallaci, amma ka daina biyowa shago shan shayi, ni kuma ban neme ka ba. Na ɗauka lokaci yana nan.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ranar da ka rasu, ni Hajiya Kubura ta fara kira, domin kowa ya san ni ne mai ɗawainiyar gawa a cikinmu. Na san takardun, na san wanda za a gani a asibiti, na san masu maƙabarta. Kuma ina alfahari da cewa gawarmu ba ta daɗewa a firij a hannuna. Ina shirin fita, ta kira ni cikin kuka, ta miƙo mini littafinka na lambobin waya. Ta ce, "Alhaji, a sanar da yaransa na makaranta." Na ce, "Za a yi, Hajiya." Na sa littafin a aljihu.

Ba mantawa na yi ba. Ina so duk mai karanta wannan ya ji da kyau. A cikin mota na yi shawara da zuciyata. Na ce waɗannan ba Musulmi ba ne, su mako guda suke ajiye mamacinsu. Za su ce a jira wane, a jira wance. Za su zo da furanni da kyandir, su cika masallaci, a rasa yadda za a yi da su. Na ce wannan harka tamu ce. Na kira mutanen Maradi, na kira na Damagaram, na kira 'yan Najeriya, har garuruwan High Point da Winston na kira. Littafinka bai fito daga aljihuna ba. Muka yi maka wanka, muka sallace ka, muka rufe ka, mu wajen sittin. Awa ashirin da takwas tsakanin rasuwa da rufewa. Mutane suna ce mini, "Alhaji, sannu da ƙoƙari." Ina amsawa.

Ofishinku bai san komi ba, tunda Alhamis ba ka zama, Juma'a kuma ka saba ɗaukar hutu saboda salla. Asabar ɗin nan ita ce ta biyu a wata. Iyaye sama da arba'in suka hallara a jami'a da tukwanensu, suna jiran ka. Awa biyu suka yi. Sai Yesenia ta ce bari ta duba ka a gida, ko motarka ce ta lalace.

Muna zaune kan tabarmi a falonka aka ƙwanƙwasa. Ta ga takalma jibge a ƙofa, ta ɗauka biki ake. Ta leƙo da murmushi, ta ce, "Mista Boukari yana ciki?" Dattawa goma sha biyu, babu wanda ya ɗaga kai. Sai 'yata Anissa ta taso daga cikin mata, ta rungume ta, ta kira sunanta, ta gaya mata ka rasu. Ban san sun san juna ba. Kukan da Yesenia ta yi, ban ji irinsa ba ko a ranar jana'iza. Da ta ɗan natsu ta share fuska, ta tambaya yaushe za a yi jana'izar, don ta gaya wa sauran. Anissa ta juyo ta dube ni.

A hanyar gida Anissa ta yi mini magana da Turanci, kamar yadda yaranmu suke yi in abin ya kai musu zuci. Ta ce a shekararta ta farko ta faɗi jarrabawar kimiyya, saura kaɗan a sallame ta. Ta kasa gaya mini, don ina yawo ina shaida wa kowa cewa 'yata za ta zama mai haɗa magani. Wurinka ta je. Ka zaunar da ita, ka haɗa ta da ƙungiyar karatun su Yesenia, suka riƙe ta shekara biyu har ta miƙe. Ta roƙe ka kada ka gaya mini. Ka ce, "Babanki daga bakinki zai ji, ba daga nawa ba." Na lissafa a raina. A shekarar da na tsaya gaban mutane na ce ka yar da 'ya'yanmu, tawa 'yar tana ofishinka kowace Talata. Kana da amsar da za ta rufe mini baki har abada, ka sunkuya ka ci shinkafarka.

Anissa ta ce, "Baba, su ma nasa ne. Ka binne musu uba ba ka gaya musu ba."

Na je wurin Hajiya Kubura na mayar mata da littafin, na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Na sani, Alhaji. Tun ranar Juma'a na sani. Gidan ya yi shiru da yawa."

Na tambayi liman ko ya halatta in kai su kabarin. Ya ce, "Kai su mana. Wa ya ce maka haramun ne mutum ya tsaya kan kabarin wanda ya yi masa alheri?" Lahadin da ta biyo baya na shige gaba, motoci ashirin da uku suna bina. Da muka isa suka tsaya suna dube-dube, domin kabarinka tulin jar ƙasa ne kawai, babu suna tukuna. Sai da na nuna da hannu.

Don Rigoberto ya cire hula. Sannan ya yi magana, 'yarsa tana fassara mini. Ya tambaya su wa suka ɗauke ka. Na ce mu ne, muna karɓa-karɓa, kowa ya yi 'yan taku ya ba wani. Ya ce, "Shekara ashirin ina hawa tsani da kaya a kafaɗa. Da an kira ni, da na ɗauke shi ko taku uku ne." Nan, gaban mutum tamanin, na gaya musu cewa matarka ta ce a kira su, ni ne na ƙi. Yesenia ta tsaya, ta dube ni, ta ce, "In fassara haka?" Na ce, "Fassara haka." Ta fassara. Babu wanda ya zage ni. Babu kuma wanda ya ce ya yafe. Don Rigoberto ya mayar da hularsa, ya durƙusa, ya gyara ƙasar gefen kabarin da tafin hannu inda ruwan sama ya zaizaye, ya tashi ya tafi motarsa.

Boukari, taku ukun nan ba zan iya mayar masa da su ba. Kai kuma ka wuce inda ba zan biyo ka gida ko ofis in ce ka yafe mini ba. Abin da ya rage a hannuna kaɗan ne. Ranar Lahadi, 14 ga watan Mayu, za mu yi maka sadakar arba'in a gidana, tunda filin yana da faɗi. Na roƙi Hajiya Kubura ta sake ara mini littafin. Lambobi ɗari da goma sha bakwai ne. Anissa tana zama kusa da ni da yamma, ni nake bugawa, ni nake fara magana da Turancina na shagon taya, in ya gagara ta karɓa. Mun kai sittin da huɗu. Wasu sun ce za su zo. Wasu sun saurara, sun ajiye wayar. Don Rigoberto bai ɗauka ba tukuna. In bai ɗauka ba, na san inda yake rufi a makon nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kubura da 'ya'yanta, Houda da Younoussa, da tsohuwarka da ƙannenka a Damagaram, da abokan aikinka a jami'a. Ina miƙa ta ga yaranka na makaranta da iyayensu, waɗanda ya kamata su ji tun ranar farko.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Boukari ɗan Issoufou. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ka sa kowace Alhamis da ya bi rana neman iyayen mutane ta zama nauyi a mizaninsa. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa 'yata. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka ba yaran nan wanda zai tsaya musu a bayansa. Ni kuma, Ya Ubangiji, kada Ka karɓi raina sai na gama kiran mutanen nan. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Alhaji Tahirou Mahamane
Pleasant Garden, 28 ga Afrilu, 2006