Ɗakin Hajo da Tafkin Magina

Kawu Ummaru magini ne ɗan magini. In ka ba shi kunne, sai ya ce maka kakansa ne ya haƙe rabin Jibiya ya gina ɗaya rabin. Kuma ba ƙarya ce zalla ba. Tafkin da ke bayan unguwarmu, wanda muke kira Tafkin Magina, ramin ƙasar gini ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar gidajenmu, ruwan damina ya zo ya zauna a gurbin.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi. Ina yarinya, duk bazara in ruwan ya ja baya, maza kan shiga da kwanduna su kwaso laka, su yaɓe katangunsu kafin ruwa ya sauka. Ba wanda ya taɓa kiran wannan aiki yasar tafki. Kowa gidansa yake gyarawa, tafkin kuwa yana ƙara zurfi. Akwai tarwaɗa a ciki, makiyaya na shayar da shanu, mata na wanki a bakinsa.

Sai Kawu ya je Maraɗi ya koyo aikin bulo, ya dawo yana hura hanci. Ɗakin siminti na farko a unguwarmu matarsa Hajo ya gina wa, a kan wani ɗan kwari da ruwan kasuwa ke bi ya faɗa tafki. Da aka yi masa magana, cewa ya yi ruwa ba ya rasa hanya. Mutane suka riƙa zuwa kallon ɗakin kamar sabuwar amarya, kowa ya ce shi ma irinsa yake so. Kawu bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya bi unguwa gida-gida yana rushe ƙasa yana jera bulo.

Bulo ba ya son yaɓe, don haka ba wanda ya sake shiga tafki da kwando. Rairayi ya cike shi, leda ta biyo baya, ruwan kwata ya maye gurbin na sama. Tarwaɗa ta ƙare, sauro ya gaje ta. Ruwan kasuwa kuma da aka tare wa hanya ya koma kwana cikin shaguna. Duk muna toshe hanci, muna zagin gwamnati, muna kuma zuba shara a wurin da safe.

Bara aka tashi sake tsara tsakiyar gari, saboda manyan motocin da ke jiran ƙetare iyaka sun rasa wurin tsayawa. Wata jami'ar tsara gari, Mufida, ta zo ƙofar mai unguwa ta yi mana bayani. Ko dai a cike tafkin a yi tasha, ko a yashe shi a dasa itatuwa kewaye. Amma yasa aikin banza ce, in ji ta, muddin ruwan sama bai samu tsohuwar hanyarsa ba. Ba ta ambaci gidan kowa ba. Kowa dai ya sunkuyar da kai, don Hajo ba ta cika shekara da rasuwa ba, kuma kullum bayan la'asar a ɗakinta Kawu ke zama shi kaɗai.

Kawu ya miƙe tsaye. "Ɗiyata, mi kika sani ga wanga tafki? Kakana ya haƙa shi."

"Baba, ba ni na zaɓi hanyar ba," in ji Mufida. "Ruwan ne ya zaɓa, tun kafin a haife ni."

Na ji haushinta ranar, har na ƙi amsa sallamarta. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiya ɗaci gare ta.

Kwanaki suka shuɗe. Wata safiya Kawu ya ce in raka shi bakin tafki. Ya soka sandarsa a inda da can ruwa ke shanye namiji tsaye, sandar ko rabi ba ta shiga ba, ta fito da leda. Ya daɗe yana kallonta.

"Salmatu, mu muna ganin gidajenmu muke yaɓewa," ya ce. "Ashe shi muke rayawa. Ni na hana mutane laka, ni kuma na tare mashi ruwa. In aka cike shi, ba su suka kashe shi ba."

Na gane rushe ɗakin yake nufi, sai na ce masa ai ɗakin Inna Hajo ne. Ya ce ya sani, kuma ita ce ta fara ce masa kada ya gina a wurin, ya yi mata dariya.

Bai yarda lebura ya taɓa ɗakin ba. Shi ya cire ƙyaure, ya kwance kwano, ya fitar da gadonta, sannan ya ɗauki guduma. Ginin kuwa ya yi ƙarko, don bai yi masa rowar siminti ba, sai da ya ba shi wuya sosai. Na tsaya ina kallo ina kuka, ban ɓoye ba.

Motar haƙa ta yashe tafkin, aka ja magudana, aka kai tasha bayan gari. Inda gidan ya buɗe, Kawu ya ja katangar ƙasa. Maƙwabta suka yi ta tsokanarsa, wai sarkin bulo ya koma gidan jiya. Ya ce su yi ta yi, shi dai yanzu yana da dalilin shiga tafki da kwando duk bazara.

Ranar da ruwan farko ya sauka, na same shi tsaye a bakin magudanar, rigarsa sharkaf. Ruwa na gudu ta daidai inda gadon Hajo yake a da. Na ce ya shigo kada sanyi ya kama shi. Bai juyo ba.

"Bari in ga ya isa tukuna," ya ce. "Ta daɗe tana jiran in ba shi hanya."