Jan Zaren da Yaya Ya Ɗaura

Daga Allah muka fito, kuma duk nisan da muka yi, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya.

Yaya, an ce ka sauko daga kan tsani a gidan da kake gina mana, ka ce wa ma'aikacinka Birkila ƙirjinka ya riƙe, a ba ka ruwa. Ka sha, ka jingina da bango. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Da wayarka aka kira ni. Na ga sunanka na ɗauka ina murmushi, ina shirin cewa ka tuna da mu ke nan, sai na ji muryar wani yana ta sallama ya kasa wuce ta. Tun daga ranar, duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Ka san ni da tsoro. Kai ka sa mini suna Farar Kura, har ya bi ni gidan miji. Ina tsoron tsawa, ina tsoron tsaka, ina tsoron ɗakin da aka rufe. Inna takan yi mini faɗa, sauran yara su yi dariya. Kai kuwa ban taɓa jin ka ce mini in daina tsoro ba. Abin da kake cewa shi ne, "Taso mu je mu duba." Sai ka kama hannuna mu leƙa bayan ƙofa, mu tarar zani ne a rataye. In kuma da gaske akwai abin tsoron, kamar ranar da muka tarar da kunama a cikin takalmin Baba, sai ka ce, "Kin gani, tsoronki ya yi rana." Na girma, na yi aure, na haihu, ban daina kiranka mu je mu duba ba.

Babban tsorona a duniya shi ne numfashin 'yata. Da asma aka haife ta. Kai ka raɗa mata Sarewa, saboda kukan da ƙirjinta yake yi in ciwon ya tashi. Na yi fushi da sunan a farko, amma ita ta so shi, don ta ce Kawu ya mai da ciwonta kiɗa. Gidan da muke haya yana manne da shaguna, kowane shago da janaretonsa. Da an ɗauke wuta sai su tashi gaba ɗaya, hayaƙi ya cika mana ɗaki. In na rufe taga zafi ya dafa mu, in na buɗe yarinya ta shaƙe. Injin da ke ba ta maganin shaƙa kuma sai da wuta. Mahaifinta aikinsa na nesa ne, sai ya yi wata bai zo ba. Sau nawa na kira ka ina kuka, ka ajiye aikin mutane ka zo ka kai mu asibiti, da siminti a ƙafarka.

A hanyar dawowa daga asibitin ne wata rana ka ce filin da Baba ya bar mana ba za a sayar ba. Ka ce shekara da shekaru kana gina wa mutane gidajen da ba sa zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, yanzu za ka gina wanda zai sanyaya kansa, ya kuma ci wuta kaɗan yadda rana kaɗai za ta ishe shi. Na ɗauka lallashi ne.

Ashe da gaske kake. Ka yi bango mai kauri, biyu a haɗe da rata a tsakani. Ka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, ka shafe rufin da farin fenti. Tagogin gilashi biyu-biyu ne, ka kawar da su daga inda rana ke dukansu da yamma. Ka jera farantan sola a sama, ka yi wa batira ɗan ɗakinsu a waje, ka ja wa injin Sarewa waya tasa shi kaɗai. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Birkila, wanda ya daɗe yana aiki tare da kai, ya taɓa tambayar ka a gabana, "Maigida, wai gida muke ginawa ko randa?" Ka ce, "Randa ce, mutane za mu zuba su yi sanyi."

Abin da ya fi wahalar da shi shi ne toshe kafa. Kana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin wani magini ba. Sai ka rufe ƙofofi da tagogi, ka kunna tsinken turare, ka riƙa bin bango da shi a hankali, ka bi gefen taga, ka bi ƙarƙashin ƙofa, ka bi inda bututu ya ratsa. Duk inda hayaƙin ya karkata, ka san iska na satar hanya, sai ka zana wurin da alli ka kira Birkila. Ya toshe, ka sake kunna turare, ka sake kiran sa. Ka ce zafi da hayaƙin titi ɓarayi ne, ko kafar allura suka samu za su shigo. Har ma'aikata suka riƙa tsokanar sa, da sun ga ka ɗauko ashana sai su ce, "Birkila, kwaɓa siminti, an kunna maka."

Asabar ɗin ƙarshe kafin rasuwarka mun zo ni da Sarewa. Aikin ya kusa ƙarewa, saura yaɓen ƙarshe a wasu wurare, da fenti. Ma'aikata ba sa nan. Ni ina tsakar gida ina kallon wayoyin sola ina tambayar ka ko ba za su kama da wuta ba, kana ce mini Farar Kura ba ta canja hali. Ka ja Sarewa kuka shiga ciki, ka hau tsani, tana miƙa maka wani abu kuna ta dariya. Da muka kama hanya ta ce mini, "Umma, Kawu ya ce gidan ma numfashi yake yi kamar ni. Mun ɗaura masa jan zare a hanci." Na ce to, madalla. Na ɗauka wasan kawu da 'ya ne.

Bayan an yi maka sutura, ma'aikatanka suka zo gaisuwa, Birkila a gaba. Ya ce sun yi shawara, ba za su bar aikinka a tsaye ba, za su ƙarasa shi yadda za ka so. Suka koma, suka yi ta yi ba hutu. Matarka ta ce mini an ga Birkila yana yaɓe yana share hawaye da bayan hannu. Zafi ya tsananta, likita ya ce in da hali a raba yarinyar da hayaƙin nan. Fenti bai gama bushewa sosai ba muka tare.

Yaya, gidanka yana da sanyi. Rana na ƙuna a waje, ciki kamar an yi yayyafi. Ba a ɗauke wuta, ba ƙarar janareto, ko motar titi da ƙyar ake ji. Amma tun kwanan farko hankalina bai kwanta ba. Shirun ya yi mini yawa. Warin fenti ya ƙi fita. In na dafa abinci da rana, har washegari ana jin sa a ɗakin kwana. Da safe sai in ga gilashin taga ya yi gumi ta ciki, kaina ya yi nauyi kamar ban yi barci ba. Na so in buɗe tagogi, sai in tuna ka ce da rana a bar su a rufe, gidan ya san yadda zai yi da kansa. Na kai hannu kan waya don in tambaye ka, ba sau ɗaya ba. Na gaya wa Inna, ta ce baƙin ciki ne da baƙunta, in yi ta addu'a. Na yarda, don na saba tsorona ya zama zani a bayan ƙofa.

Sarewa kuwa kullum ƙirjinta ƙara kuka yake. A gidan da aka gina don ta huta, sai ga shi tana shan maganin shaƙa fiye da da. Ban gaya wa kowa ba, amma har na fara tsoron ko duk wahalarka ta tashi a banza, ko kuma na kawo 'yata inda za ta ƙare ne. Wannan tunanin ya fi komai firgita ni.

Ranar Alhamis da azahar abin ya tashi gadan-gadan. Ina kicin na ji shiru, irin shirun da na sani. Na tarar da ita kwance a ƙasan ɗaki, kafaɗunta na ɗagawa, leɓenta ya fara sauya launi. Na jona injin, garin sauri maganin ya zube, na sake zubawa. Na ɗora mata abin shaƙar a fuska ina kiran sunayen Allah, ina kuma kiran sunanka, Allah Ya yafe mini. Idonta na sama. Na ɗauka tafiya ce ta zo. Sai ta janye abin daga bakinta, ta nuna bango kusa da silin, ta ce da ƙyar, "Umma, zaren Kawu ba ya rawa."

Na ɗaga kai. Bango ne fari fes, a shafe sumul. Sai da na ƙura ido na ga wani ɗan siriri ya leƙo daga cikin yaɓen, fenti ya manne shi da bango, bakinsa kawai ya rage ja.

Na buɗe duk tagogin gidan, na sungume ta zuwa inuwar baya, na riƙe ta har maganin ya kama, numfashin ya fara sauka. Da bakinta ya buɗe ta ba ni labari, kaɗan-kaɗan. Ta ce ka bar kafofi a saman kowane ɗaki, ka sa musu raga. Iska mai sanyi tana shigowa ta ƙasa daga inuwar baya, ta bi ta abin tace ƙura, mai zafi da wari kuma ta fita ta sama. Ka ce mata in an toshe na sama, ta ƙasa ma ba za ta shigo ba. Ka ɗaura zare a kowace kafa, ka ce aikinta ne ta riƙa dubawa, in yana rawa gida lafiya yake.

Na kira Birkila. Ya zo da gudu, ya hau tsani, ya taɓa zaren, sai ya sauko ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce, "Hajiya, wallahi na ɗauka ramukan katakon da muke takawa ne, waɗanda ake cikewa in an gama. Na ce mutumin da bai yarda da kafar allura ba, ina zai yarda da waɗannan? Na ma fi ba su kyau, don kada ya ga aibi." Ya ce garin neman gira ya kusa rasa ido. Har ga Allah ban riƙe shi ba. Kai ka koya masa toshewa, ajali kuma bai bar ka ka nuna masa inda ake buɗewa ba.

Ya ɗauki guduma ya fasa ta farko a ɗakin Sarewa. Ya kankare ragar, ya ɓamɓare zaren daga fenti da farcensa, ya ce a rufe tagogin mu gani. Muka tsaya mu uku muna kallon sama. Da farko bai motsa ba. Can sai ya ɗan karkata, ya ɗaga, ya fara kaɗawa a hankali. Na ji sanyi yana bin ƙafafuna. Sarewa ta ce, "Ga shi nan, yana numfashi." Birkila ya juya mana baya, ya daɗe bai juyo ba.

A ranar ya buɗe sauran kafofin duka. Yanzu warin ya fita, gilashi ya daina gumi, injin yana kwana biyu ba a taɓa shi ba. Gidanka ya yi abin da ka ce zai yi. Amma kada ka ɗauka tsoron ya tafi. Na ga yadda ɗan zare ne ya tsaya tsakanina da rasa 'yata, kuma ban san sauran abubuwan da ka sani game da gidan nan, da rayuwata, waɗanda ka tafi da su ba. Kullum da safe kafin in yi komai sai na bi ɗakunan ina ɗaga kai. Jiya na tsaya a ƙofar kicin na kasa shiga, don kada in tarar da zaren a tsaye. Sarewa ta kama hannuna ta ce, "Umma, taso mu je mu duba."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta. Allah Ya ba ki haƙurin da ba mu da shi. Ga matarka da 'ya'yanka, Allah Ya zama gatanku, Ya raya abin da ya bari, ƙofar gidan nan kuma taku ce. Ga Birkila da sauran ma'aikata, Allah Ya saka muku da alheri, Ya sanyaya zukatanku.

Yaya, abin da ke hana ni sukuni shi ne, kai da ka raba mu da ƙunci, mun kai ka ɗakin da ba taga, mun toshe, mun dawo. Can ba ni da ikon zuwa in duba. Ya Allah, Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka sa ya amsa tambaya cikin natsuwa. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya buɗe wa 'yata hanyar numfashi, Ka buɗe masa kafa daga Aljanna, iskarta ta riƙa shigo masa har ranar da za mu tashi. Amin.