Furen Kabewa a Hannun Dama

Shekarar da ɓarin jikin mahaifiyata na dama ya shanye, ba ciwon ne ya fi tayar mana da hankali ba. Likita ya ce ƙafa za ta dawo, hannu ma zai dawo muddin ana motsa shi. Matsalar ita ce Dada, kamar yadda muke kiranta, kunyarta ta Fulani ta fi ƙarfin magani. Ta gwammace ta wuni da yunwa da a ga tana kai loma da hagu. In 'yan dubiya suka miƙo lemo, sai ta juya fuska bango don kada ta karɓa da hannun da ba a karɓa da shi. Kafin wata biyu ta daina fitowa tsakar gida. Hannun kuwa ta dunƙule shi cikin mayafi kamar kayan sata, yana ta ƙara sandarewa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ko gezau. Ni da nake juya aji guda da tsawa ɗaya, tsohuwa ɗaya ta gagare ni.

Katanga ce kawai tsakaninmu da maƙwabciyarmu Mama a unguwar Sintali. Mumuye ce, 'yar cinikin doya, in ta yi magana a gidanta har bakin titi ana ji, Hausarta kuwa kowa namiji ne, ko mace "kai" take ce mata. Tun kafin a haife ni suke miƙa wa juna kwano ta inda katangar ta zube ta yi ƙasa: Dada ta miƙa tuwo, Mama ta miƙo sakwara. Da ciwon ya zo, miƙa kwanon ya koma hannuna.

Wata Asabar da hantsi, cikin damina, sai ga Mama da faifai a hammata da furanni cike da haɓar zane. Kai tsaye ta faɗa ɗakin Dada.

"Hajiya, tashi mu yi wasa. Ka kwanta kamar doya a rumbu."

"Kayya, wasa da girmana?"

"Ni ma da girmana. Tashi."

Wasan ita ta ƙirƙiro shi, ban taɓa ganinsa a wani wuri ba. Ana ajiye faifai a kan ƙaramin tebur, mutum biyu su raba furanni. Daga tsakiya ake farawa, wannan ta ɗora ɗaya, waccan ta ɗora ɗaya, ana bin zagayen saƙar faifan zuwa baki. Kala ɗaya ba ta taɓa 'yar'uwarta. Wadda ta rasa inda za ta ɗora nata ta faɗi. Sai babbar dokar, wadda Mama ta faɗa tana kallon rufin ɗaki kamar ba da kowa take ba: wadda ta sa hagu ta faɗi nan take.

Ranar farko furen kabewa ɗaya Dada ta ɗauka sau biyar yana suɓucewa. Mama ba ta ce sannu ba, ba ta kai hannu ba. Hira ta kama yi a kan tsadar mota daga garin Iware har furen ya sauka a faifai, sannan ta ɗora nata ja a gefensa, ta kuma cinye wasan ba tausayi. Haka ta yi ta cinyewa kwana da kwanaki. Abin ya ba ni haushi, na tare ta a zaure.

"Mama, ki bar ta ta ci ko sau ɗaya mana."

"In na bar shi, zai sani. Uwarka ba yaro ba ne."

Gaskiyarta ce. Haushin kayen ne ma ya sa Dada ta fara tambaya ko Mama ta dawo daga kasuwa.

Ana nan sai Mama ta kawo sabuwar doka: daga yau kowa ta samo furenta da kanta, ɗan aike ba ya cikin wasa. Kuma ba a tsinkowa, sai wanda ya faɗo ƙasa, domin wanda ya tsinke furen kuɓewa ya saci miyar gobe. Namijin furen kabewa kaɗai ta halatta, tunda ba ya haihuwa. Dada ta yi fushi ta juya bango. Kwana biyu faifai na rataye.

A nan na nuna wayona. Na tafi kasuwa na sayo fulawar roba, kala-kala, masu tsinke mai ƙarfi da hannu zai ji daɗin riƙewa. Na dawo ina jin kaina kamar likita. Mama ta hango ledar ta saman katanga, ta yafito ni, ta yi mini wankin babban bargo, amma da murya ƙasa-ƙasa, abin da ban san tana iyawa ba.

"Kai da bokonka! Wannan ba ya bushewa. In ya samu wanda ba ya bushewa, me zai fito da shi waje gobe?"

Sai a lokacin na gane. Ashe ba hannun kaɗai take nema ba, Dada ɗungurungum take so ta fito da ita. Na ɓoye ledar a ƙarƙashin gadona, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ina shara na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Dada ce, ta bi bango har gindin fulawar nan mai kama da takarda da ta hau katangarmu. Ta duƙa da ƙyar tana tsintar jajayen da iska ta kakkaɓo, ɗaya bayan ɗaya, da hannun dama, tana ƙunƙuni. Na koma bayan randa na yi kukana, don da ta gan ni da ta koma ɗaki.

Daga nan wasan ya fito tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro. In sun gama, faifan kan yi kyau har a ji ba a son taɓawa: ruwan ɗorawar kabewa, farin furen wake, na tumfafiya mai ɗigon shuni. Su kuwa ko a jikinsu, a bola suke juye shi, gobe a sake. Har yau ban ga mai dabarar matar nan ba, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Lokacin kaka ya shigo, wata rana na zuba tuwo zan kai katanga, sai Dada ta ce in ba ta. Ta ɗauki kwanon da dama, miyar kuka na zuba a zanenta, ta ƙi yarda hagu ta tallafa. Ta ƙwala wa ƙawarta kira da kanta.

Mama ta leƙo. Ta dubi kwanon, ta dubi hannun. Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta goge ido da kafaɗa.

"Gobe ka kawo fure da yawa, Hajiya," ta ce. "Yanzu kam ba zan tausaya maka ba."

"Da can kin tausaya ne?" in ji Dada.