Ranar da Na Canza Birki a Gaban Yaya

Yayana bakanike ne. Ni direba ne kawai. Haka muka raba aiki tun da muka bar Bawku muka zauna Salaga, shi a ƙarƙashin mota, ni a cikinta. Tsohuwar akori-kura gare ni, ina ɗauko doya daga Kpandai, kifi daga Makango. In ta yi wani ƙara sai in kai masa, in zauna a benci in sha koko. Ban taɓa tambayarsa abin da yake kwancewa ba, shi ma bai taɓa nuna mini ba. Yakan ce, "Kai dai riƙe sitiyari. In ka taɓa sifana, wuni za mu yi muna neman noti."

Wata safiya cikin damina ya faɗi a bakin gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba mu magani, aka ce mu koma gida. Muka shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Nan yake wuni, matarsa na ba shi abinci a baki, tana share masa yawu. Ido a buɗe, amma ba mu san ko akwai mutum a bayan idon ba. Da farko muna yi masa magana. Da aka kwana biyu sai muka koma yin maganarsa a gabansa.

Mahaifiyarmu, Mma, tana Bawku. Ta tsufa, idonta ya daɗe da rufewa. Da murya take gane 'ya'yanta. An gaya mata Yaya ba shi da lafiya, ba a gaya mata sauran ba. Ta aiko wani mai fataucin shanu da saƙo. Ta ce a kawo mata ɗanta ta ji muryarsa, ta gaji da ana ce mata yana samun sauƙi.

Na ce zan kai shi. Amma birkin motar ya cinye. In na taka sai ka ji kamar ana wasa adda a dutse. Hanyar da zan bi ta Yendi ce, kuma a Nakpanduri akwai gangaren dutse, wanda ba a saukarsa da birki irin wannan. Akwai wani bakanike a gari, amma sun yi shekaru ba sa gaisawa da Yaya. Ban kai masa ba. Motar da Yaya ya yi wa hidima ba za ta kwanta a hannun wancan ba. Wani direban Yendi ya sayo mini fad, wato 'yan ƙarafan nan masu baƙin abu a manne, waɗanda ke damƙe faifan taya in an taka birki. Ya kwatanta mini da hannu a tsaye a tasha, yana sauri, fasinja na kiransa. Ya ce abu ne mai sauƙi, cire tsoho, sa sabo.

Na shigo da motar tsakar gida, na ɗauko akwatin kayan aikin Yaya. Matarsa na tankaɗe, ta ɗago kai.

"Ƙaramin miji, yau kai ne masta?"

"Kawo mini dutse in tare taya, ki rage surutu."

"In ka kashe ta, a baya za ka goya shi har Bawku. Ni dai ba ruwana."

"Ke zan fara goyawa, in jefar a kogin Daka."

Ta yi dariya. An daɗe ba a yi dariya a gidan ba.

Na sa jak, na ɗaga, na kwance taya. Abin da na gani bai yi kama da abin da direban ya kwatanta ba. Tsatsa da jar ƙasa sun rufe komai. Na goge da tsumma har na ga ƙusoshi biyu da suka riƙe fad ɗin. Na buge su da guduma, ɗaya ta yi tsalle ta faɗa cikin kwata, sai da na sa hannu na lalubo. Tsohon fad ya fito, ya zama ƙarfe zalla, yana ƙyalli. Sabon ya ƙi shiga, gurbin ya yi masa kaɗan. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane akwai wani zagayayyen ƙarfe da ya turo kai, shi ya tare wurin. Na sa ƙarfen cire taya na danna shi da dukkan ƙarfina har ya koma ciki. Fad ya zauna. Na fasa yatsa, na tsotse jinin, na koma ɗaya ɓangaren.

Duk wannan Yaya na kallo daga tabarma. Sai da na ɗaure taya ta biyu na sauke jak ya fara buga ƙafarsa ta hagu a ƙasa. Ya buga, ya ɗaga, ya buga. Wani gurnani na fita daga maƙogwaronsa.

"Innalillahi, abin ya taso masa," in ji matarsa. Ta yar da rariya ta kira maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bagwanjiya. Suka danne ƙafar. Ɗaya na shafa man kaɗe, ɗaya na ɗura masa rubutu. Yana fizgewa, suna ƙara dannewa. Tsohuwar ta ce haka mijin ƙanwarta ya yi kafin ya cika, jijiya ce ke harbawa. Idonsa na kaina. Na ɗauka tsoro yake ji. Na ce, "Sannu, Yaya. Gobe za mu ga Mma." Na wanke hannu na shiga motar don in gwada.

Gidan yana da ɗan gangare zuwa madafa. Na tayar, na saki, ta fara tafiya. Na taka birki. Ƙafata ta wuce har ƙasa kamar na taka iska. Kafin in kai hannu wani wuri, mota ta daki randar ruwa, ta daki bangon madafa, ta tsaya. Fitila ɗaya ta fashe. Ruwa ya malale tsakar gida, kaji suka watse.

Ina zaune a ciki, ƙafata na rawa, tana taka birkin ba da sanina ba. Ta taka, ta ɗaga, ta taka. Sai na ji ya fara tauri. Na ƙara, ya tsaya cak kamar dutse. Ashe ƙarfen nan da na tura ciki, sai an yi ta taka birki kafin ya dawo ya kama. Kowane bakanike ya san haka. Direban Yendi ya manta bai faɗa ba.

Na dubi ƙafata. Na dubi Yaya.

Na fito na ce wa matan su sake shi. Na durƙusa a gabansa na ce, "Yaya, wannan kake gaya mini?"

Ya buga ƙafa sau ɗaya. Hawaye ya gangaro ta lafiyayyen idon.

Matarsa ta zauna a cikin ruwan da ya zube, ta rufe baki da zane. Na san abin da take tunawa, don ni ma shi nake tunawa. A gindin bishiyar nan aka tattauna wa za a sayar wa gareji. A nan kawunta ya ce mata ita yarinya ce, ta fara tunanin kanta. A nan 'yan dubiya ke cewa, wannan ai sai dai Allah ya sa ya huta. Yana kwance, yana ji, ba abin da ya wuce shi.

Washegari muka tafi, fitila ɗaya, shi a gaba na ɗaure shi da rawani a kujera, matarsa a baya da kaya. Muka yada zango a Yendi gidan ƙanwarmu. Ta zo da kuka tana tambayata yaya jikinsa. Na ce, "Ga shi nan, tambaye shi. Yana jin ki." A gangaren Nakpanduri na sa giya ta ƙasa, na bi a hankali. Birki ya riƙe. Na ce, "Masta, ka ga aikina?" Ya ɗan motsa gefen baki. Ban san ko yabo ba ne ko zagi.

Mun isa Bawku da la'asar. Mma na zaune a ƙofar ɗakinta. Ta ji ƙarar mota, ta ji sallamata, ta ce, "Na ji ka. Ina yayanka?"

Muka ɗauko shi muka zaunar a gabanta. Ta miƙa hannu ta laluba, ta kama hannunsa. Ta shafa tafin, ta sake shafawa.

"Wannan ba hannunsa ba ne. Nasa da kanta."

"Shi ne, Mma. Ya daɗe bai yi aiki ba."

Ta bi fuskar da yatsu, ta tsaya a bakin da ya karkace. Ta wuce zuwa bayan kunne, inda yake da tabon faɗuwa tun yana yaro. Hannunta ya tsaya a nan.

"To yi magana mana. Ka zo tun daga Salaga ba ka gaishe ni ba?"

Ya yi ƙoƙari. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da ya fito ba magana ba ce. Mma ta karkata kunne tana jira. Ya sake. Ta ƙara matsowa.

Na fita waje na tsaya jikin motar.

Na bar su can na koma kan hanya, don doya ba ta jira. Bai kai wata damina ba. Saƙon rasuwarsa ya same ni a Makango ina lodin kifi. Da na je, an riga an binne shi. Na durƙusa a gaban Mma, ta kama kaina ta riƙe. Ta ce, "Ku biyu ne a gaban mota tun daga can. Ko a hanya bai ce komai ba? Ko kalma ɗaya?"

Na ce bai ce ba.

Ta ce to. Ta sake ni, ta fara lalubar butarta.