Waƙar Yashin Rafi

Shekarar da tifofi suka fara kwasar yashi a rafin da ke bayan unguwarmu a Kafanchan, ban ɗauki abin da zafi ba, don ba ni da gona a can. Sai da damina ta zo, gaɓar rafin ta fara zubewa tana tafiya da kunyoyin citta da na gwaza, sannan maganar ta shigo har masallacinmu.

Wata malamar firamare ce ta tara mutane. Duk Asabar da yamma ana haɗuwa a filin makarantarsu, manoma maza da mata, yawanci Kirista, wasu har daga Madakiya suke zuwa a kan babur, don rafinsu ma haka ake yi masa. Irin karatun da suke yi a taron ya ba ni mamaki. A zana rafin a ƙasa da tsinke, kowa ya aza dutse inda gonarsa take, wanda tasa ta faɗa ruwa ya ture dutsensa. Wata rana a yi wasan kwaikwayo, wani ya zama direban tifa, wata ta zama mai gona. Daga ƙarshe aka tsayar za a je gaban hakimi a kai kuka, kuma da waƙa za a shiga.

Nan ne aka aiko mini. Tun ina saurayi nake rubuta waƙa da ajami, kuma a Maulidi ko saukar karatu, idan ana son a rera wani abu, ni ake nema. Na amsa da murna. A raina na riga na ga kaina a gaban taron, hakimi yana saurare.

Ashe ba ni kaɗai aka nema ba. Akwai wani tsohon hedimasta mutumin Fadan Kagoma, wanda ya daɗe yana koyar da mawaƙan cocinsu. Mun san juna tun zamanin da jirgin ƙasa ke cika garin nan da hayaniya, kuma ba mu taɓa haɗuwa ba tare da tsokana ba.

"Malam, kai ma an kira ka?" in ji shi. "To, yau manoma za su kwana a nan."

Na ce, "Hedimasta, gara su kwana da ma'ana da su tafi gida da tafi kawai."

Malamar ta ce ba ita za ta zaɓa ba. Tsarinsu shi ne a koyi waƙa a kan hanya. Za a taka daga makaranta zuwa bakin rafi da tawa, a dawo da tasa, wadda ta zauna a bakin mutane ita za a kai fada.

Na yi kwanaki ina gyara tawa, na auna kowane baiti, kuma har yau ina ganin tana cikin mafi kyawun abin da Allah ya ba ni ikon rubutawa. Muka kama hanya, na buɗe yadda aka koya mini a buɗe waƙa: yabon Ubangiji, sannan salati ga Annabi da alayensa da sahabbansa, sannan neman tsari daga kuskuren harshe, sannan gaisuwa ga malamai da iyaye. Mutanen nan suka yi mini ladabi. Mata suka yi tsit, maza suka cire hula, ba wanda ya katse ni. Ina cikin gaishe da shugabanni na ji ƙafata ta taka yashi mai laima. Mun iso rafi, ban ko ambaci tifa ba.

Wata dattijuwa ta matso ta ce, "Baba Malam, waƙan ka ya yi daɗi. Amma yaushe ne za mu shiga?"

Na tsaya a bakin ruwa na rera musu sauran a gurguje. Da aka juyo, Hedimasta ya ɗaga hannu ya jefa layi ɗaya gajere, ya bar fili. Kowace mace ta cike da sunan abin da ruwa ya cinye mata: wannan citta, waccan gwaza, wata bishiyar mangwaron da mijinta ya dasa. Kafin mu kai rabin hanya har masu wanki a gefe sun kama. Ni ina can baya, kowane tafi yana sauka a ƙirjina.

A bakin makaranta Hedimasta ya jawo ni gefe. "Malam, tawa ba ta da amshi mai nauyi. Akwai wani baiti a tsakiyar taka da ya hana ni sakat. Ka ara mini."

"Wanne?"

Ya rera shi daidai, ji ɗaya da ya yi masa:

"Rafin da ya shayar da kaka,
yau ga shi yana cin gonar jika."

Mutane na kallonmu, kuma gonakinsu ake magana. Na ce ya ɗauka.

Ranar zuwa fada Hedimasta ne a gaba da farar rigarsa, ni kuma a cikin dattawa. Duk sanda aka kawo baitin, sai taron ya ɗauka gaba ɗaya. Na ga hakimi ya daina kaɗa ƙafa. Da aka sake kawo baitin, na ga leɓensa na motsi tare da su. Da aka gama ya yi alkawarin kiran masu tifa a nisanta haƙar daga gonaki, kuma daga baya an yi hakan, alhamdu lillahi. Sannan ya tambaya, "Wa ya tsara wannan amshi?"

Matan suka ce, "Baba Hedimasta ne."

Na zuba masa ido. Ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta mutum ɗaya ba ce. Mu duka muka yi ta."

Aka yi ta yaba masa tawali'u. Na san ba ƙarya ya yi ba, haka suke ɗaukar waƙa a wurinsu, ta kowa ce. A wurinmu kuwa mai waƙa yakan sa sunansa a baitin ƙarshe domin wanda ya amfana ya yi masa addu'a. Addu'ar nan nake so, da kuma, in faɗi gaskiya, a juyo a dube ni.

A hanyar komawa ya riske ni yana fara'a. "Malam, ka ga aikinka?"

"Na ga aikinmu duka," na ce.

Ya yi dariya har da riƙe kafaɗata. "Asabar mai zuwa maganar masu sare itace don gawayi za a fara. Ka zo mana da baiti biyu. Biyu kawai, Malam."

Na ce sai na duba. Na je ranar, na kai masa su, kuma wannan karon ni na fara rera su da bakina a tsakiyar fili kafin ya ɗaga hannu.