Yayar da Takarda Ta Ƙi

A cikin jirgin tram na unguwar Croydon na yanke shawarar barin Landan. Fitowarmu ke nan daga ofishin shige da fice, inda aka sake ɗaukar hoton yatsunmu, ni da maigidana da yaranmu biyu, sai ka ce yatsun sun canza tun zuwanmu na baya. Bizar aikina muka je sabuntawa, kuma dukanmu a jikinta muke rataye. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Whitechapel nake aiki, ranar da asibitin ya ce ya gaji da ni, zaman gidanmu gaba ɗaya ya ƙare. Duk sanda na ga mun doshi cancantar zaman dindindin, sai a ji a labarai ana maganar sauya doka. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni da Turanci ko wannan ne zuwanmu na ƙarshe. Na ce in sha Allahu, na juya fuskata taga don raina ya gama ɓaci.

Yaya ce ta kawo maganar Kanada. Ta daɗe a can, a wani lardi na tsakiyar ƙasar. Ta ce lardin nasu yana zaɓar ma'aikatan da yake buƙata daga waje, ya miƙa sunansu ga gwamnatin tarayya a ba su izinin zama na dindindin. Maki ake tarawa: na karatu, na shekarun aiki, na Turanci, na ƙuruciya, sai na ɗan'uwa na kusa da ke zaune a lardin wanda zai tsaya maka. Na ƙuruciyar nan shi ya fi tsone min ido, don kowace shekara raguwa yake yi, ni kuwa ba yarinya ba ce.

"Ke da kike da ni, Auta, me kike jira?" in ji Yaya. Ni ma haka na gani.

Ya kamata in faɗi wace ce Yaya, duk da cewa a gidanmu ba a faɗa. 'Yar aminiyar mahaifiyata ce. Da Umma ta haifi ɗanta na fari, aka bi al'ada, kawunmu ya ɗauke shi tun daga yaye ya tafi da shi Zariya. Ɗakin Umma ya yi shiru, sai aminiyarta ta kawo mata 'yarta yaye. Yaye ya zama riƙo, ba a ƙara mayar da ita ba. A bayanta na girma. Ita ta yi min kitson farko, ita ta fi kowa dukana, kuma daga ɗakin Umma Baba ya aurar da ita. Kowa ya san asalin maganar, amma wanda ya kuskura ya furta ta a tsakar gidanmu zai gane kurensa. Wata maƙwabciya ta taɓa ce wa Umma "'yar riƙonki", har matar ta tashi daga unguwar, Umma ba ta sake taka gidanta ba.

Saboda haka da na zo wurin da ake tambayar dangantakata da mai tsaya min, na zaɓi 'yar'uwa ciki ɗaya, ko tsayawa tunani ban yi ba. Hankalina yana kan sauran wahalhalun, ga su nan birjik.

Wai ni, da nake kwana ina tashi da Turanci, nake rubuta sakamakon jinin Turawa da Turancinsu, sai na zauna jarrabawa an tabbatar ina jin Turanci. Aka zaunar da ni gaban wata yarinya da na girme wa nesa ba kusa ba, ta ce in ba ta labarin wani lambu da nake son zuwa shan iska. Wane lambu? Ni da nake fita da asuba in dawo ƙafafuna a kumbure? Na ƙirƙiro mata lambu har da agwagi. Sai takardun karatuna, waɗanda dole jami'ar da na yi a gida ce za ta aika su da kanta ga masu tantancewa. Yau mai sa hannu ya tafi Umara, gobe mai riƙe da makulli yana gidan rasuwa. Sai wasiƙar wurin aiki mai bayyana duk abin da nake yi. Mu da aka rene mu a kan cewa ba a faɗin tafiya sai an ɗaure kaya, ga ni tsaye gaban shugabata ina gaya mata ina neman hanyar barinta, ina kuma roƙonta ta yabe ni a rubuce.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata Asabar da hantsi, a ɗan gidanmu na unguwar Edmonton da ke arewacin Landan, ina yanka albasa, maigidana yana zaune da kwamfuta. Shi irin mutanen nan ne da ke karanta takardar cikin kwalin maganin ciwon kai daga farko har ƙarshe.

"Maman yara, kin karanta abin da suke so a yi upload a kan Yaya?"

"Fasfonta da shaidar tana zaune a can. Ta turo."

"Da birth certificate, naki da nata, masu nuna uwa ɗaya ko uba ɗaya."

Na ajiye wuƙar. "To sai me?"

"Kin fi ni sanin sai me."

Na hau shi da faɗa kamar shi ya rubuta dokar. Na ce wannan wace irin ƙasa ce da ba ta san riƙo ba? Da a ce ɗan farin Umma ne a can, wanda sai a gidan biki muke haɗuwa mu gaisa a tsaye, da an ba ni maki cif-cif ba musu. Amma matar da ta goye ni har bayanta ya yi kanta, ita ce ba kowa ba? Ya bar ni na zazzage, sannan ya nuna min wani gurbi a ƙasa. Mai tsaya maka zai iya zama aboki ko dangi na nesa, sai dai makinsa bai kai na ɗan'uwa ba. Da muka sake lissafi da wannan, na faɗo ƙasa da makin da ake ɗibar mutane da shi a lokacin.

Na kira Umma a Kano, wai in nemi shawara. Kuskure ne babba.

"Ki ce musu ni na ce 'yata ce."

"Umma, ba sa jin magana, takarda suke so."

"To a yi takardar mana. Gobe sai in sa a kai ni kotu in rantse, ai kowa haka yake yi."

"Umma, in suka gano, ƙarya za su kira ta. Za su hana mu shiga ƙasar gaba ɗaya."

Ta sassauta murya, irin muryar da tun ina ƙarama nake tsoro.

"Ƙarya? Ni zan ɗauki Alƙur'ani in ce 'yata ce, ke kuma ki ce ƙarya na yi? Boko ya yi rana. Allah ya kyauta."

Ta miƙa wa wani wayar. Na tsaya a kicin ina huci, ban san da wa zan yi fushin ba. Umma ba ƙarya take yi ba, maigidana ma yana da gaskiya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni ce a tsakiya, ga yara biyu da nake so su daina zuwa Croydon.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ba ni kaɗai zan canza zaɓin ba. Mai tsaya maka yana da nasa ɓangaren da zai cika da hannunsa, ya faɗi abin da kuke da shi. Wato dole Yaya ta zauna, ta dubi gurbin 'yar'uwa, ta tsallake shi. Na yi kwanaki ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Rannan a hutun rana na fita bakin kasuwar Whitechapel, lokacin a Kanada safiya ce, na kira ta. Na tambayi sanyi, na tambayi yara, na tambayi ciwon gwiwarta, na sake komawa kan sanyi.

"Auta, zan makara aiki. Faɗi abin da ya sa kika kira."

Na fara kame-kame, ina cewa wai tsarin nasu ne, wai su Turawa ba su gane ba. Ta katse ni.

"Friend za ki ce in yi ticking, ko?"

Na ce eh, da ƙyar.

"Tun ranar da na turo miki link ɗin na gani. Cewa na yi ƙila ba za su bincika ba." Ta ja numfashi. "Ni da na wanke miki kashi. To shi ke nan, ƙawata, turo."

Ta yi dariya, ni ma na yi, amma da na kashe wayar sai na tsaya gaban mai sayar da kuɓewa ina share hawaye da gefen mayafi. Tun da ta zo gidanmu ba wanda ya taɓa sa ta faɗi wannan magana da bakinta, sai ni, autar da ta rena, saboda maki.

Makin da na rasa sai da na nemo shi a wani wurin. Na koma jarrabawar Turanci, na yi ta bita a cikin bas kamar 'yar sakandare, 'ya'yana suna gyara min lafazi suna dariya. Na sake ƙirƙiro wa wata yarinyar wani labarin, wannan karon na wata kyauta da ba a taɓa ba ni ba. Sakamakon ya ɗaga kaɗan. Muka shiga jira, duk sanda lardin ya ɗebi mutane in duba in ga ba ni. Na tsani ƙarar shigowar saƙo a wayata. Sai wata rana da yamma, ina cire safar hannu zan tashi daga aiki, gayyatar ta shigo. Bayan wasu watanni na aika takardu da amsa tambayoyi, lardin ya zaɓe ni. Saura na gwamnatin tarayya, gwajin lafiya da takardun 'yan sanda, amma babban dutsen mun haye shi.

Yaya ta rangaɗa guɗa a waya har sai da na janye ta daga kunnena. Ta shiga lissafin rigunan sanyi da ɗakin da za ta sauke mu. Can ta rage murya.

"Kin yi magana da Umma?"

"Yanzu zan kira ta."

"To ki saurare ni. Na ce mata sun yarda. Na ce mun yi musu bayani, sun ce ba komai, sun rubuta mu ciki ɗaya. Kada ki sake ki gaya mata abin da na zaɓa."

Na kira Kano. Umma, wadda tun ranar maganar kotu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta ɗauka da murya wasai, ina jin mata a bayanta ana ta barka.

"Kin gani ko, sarkin tsoro? Har Turawan da ba su san mu ba sun gane. Ke kaɗai ce kika rasa kunya kika tsaya kina yi min musu a kan 'yata."

Ina da amsa a bakina, kuma ni ba mai haɗiye amsa ba ce, duk gidanmu sun shaida. Na dafa bango na ce, "Haka ne, Umma. Ki yafe min."