Wanda Ya Murza Mini Makulli

Jama'a, abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma wallahi da rana tsaka ne, ido na ganin ido. Shekarun baya ne, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a nan Gombe, na tare a Tumfure gidan ko filasta babu, gonaki sun kewaye mu.

A ƙofar gidan akwai tsohuwar a-kori-kura da mahaifinmu ya bari, ta daɗe a tsaye har kaji sun mayar da ita ɗakin haihuwa. Yayana da ke Kumbiya-Kumbiya ya gaji, ya ce ran Asabar zai zo da mai sayen gwangwan a yanka ta a auna a kilo. Na ce Yaya, kafireta ce kawai ta mutu, zan sauya. Ya yi dariya har da tari. "Kai? Malam, wannan fa ba allo ba ne. In na zo na tarar tana numfashi taka ce, in ba haka ba sai sikeli."

Na samo kafireta ta hannu wajen masu kayan gyara, na kwance tsohuwar, na ɗaura wannan, na haɗa tiyon mai da wayar totur, yatsuna duk suka sha yanka. Asabar ɗin da azahar komai ya zauna, sai dai aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya ɗiga fetur a bakin kafireta ya toshe da tafin hannu, ɗaya ya murza makulli. Na ƙwala wa uwargida kira, kaina na ƙarƙashin bonet. Can na ji ƙofar mota ta buɗe, motar ta ɗan lotsa.

Na ce, "Maman Hafsa, murza!" Aka murza. Motar ta yi tari ta mutu. "Sake, ki ɗan taka totur." Aka ce "uhm", aka taka daidai yadda nake so, ba ƙari ba ragi, har na ce a raina ashe baiwar Allah nan direba na aura ban sani ba. Sai injin ya kama! Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, ni kuwa ina juya sukundireba ina ba da umarni kamar a aji, taka, saki, taka, ana bi, har muryar injin ta kwanta lumui.

Na rufe bonet ina cewa sannu da aiki. Ba kowa a mota. Ƙofa a rufe, makulli na lilo. Na taɓa kujerar, tallahi sanyi ƙalau kamar randa, a Gombe, cikin zafin bazara.

Ina nan tsaye sai ga Keke Napep ta sauke Yaya da mai gwangwan, ga kuma Maman Hafsa tafe daga hanyar injin niƙa da roba a ka. Ta ce, "Lah, Malam, ta tashi? Wa ya taya ka?" Ashe tun kafin azahar ta fita daga gidan.

Yaya ya zagaya motar yana kasa kunne, ya cire hula ya mayar. "To, bakanike, taka ce." Mai gwangwan ya ce ai shi an ɓata masa yini. Ni na kai su gida a cikinta, ina zaune a kan sanyin nan, ina murmushin yaƙe.

Har yau motar tana ɗauko mini wake daga gona, bugu ɗaya take tashi. Wanda ya taya ni kuwa ban san shi ba, ban kuma nemi sani ba. Shawarata dai, in kanku na ƙarƙashin bonet kuka kira wani, ku yi bismillah, ku leƙo ku ga fuskar wanda ya amsa kafin ku fara ba shi umarni.